Zanen da Baba Mai Alli ya yi a ƙasa

Mu na Allah ne, kuma kowa da ranar da zai koma gare Shi. Ta Baba Mai Alli ta zo ranar Laraba, sha bakwai ga Satumba, da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu. Matarsa ce ta kira ni ina tsakiyar darasi. Na ajiye waya na ci gaba da magana, amma har yau ban san abin da na faɗa wa ɗalibai ba.

Baba, kai mai walda ne, ni kuma malamar injiniya a jami'a. Abin da ya haɗa mu shi ne tallafin da wata gidauniya ta ware domin jami'o'i su haɗa gwiwa da masu sana'a su ƙera na'urori. Sharaɗinsu shi ne a samu abokin aiki daga cikin gari. Gaskiya ban zo rumfarka da tunanin zan koyi wani abu ba, sa hannunka nake nema da hoton shago. Ka kakkaɓe min benci da hularka, ka ce, "Dakta, zauna a hankali, wannan bencin bai yi boko ba, yana iya yaga miki zani."

Ban manta lokacin da mahaifiyata ta faɗi a banɗaki ba. A cikin hira kawai na ambata, washegari sai ga ka da bututun ƙarfe a kafaɗa, ka kafa mata abin dafawa a bango. Da na yi maganar sallama ka ɓata rai, ka ce ita ma uwarka ce, alhali ka girme ta.

Injin ɓare gyaɗa muka ɗauka. Na kawo maka zane shafi goma sha biyu, ka ƙera shi yadda na tsara, ya riƙa farfasa gyaɗar tana fitowa kamar an daka a turmi. Wata biyu ina fama da lissafi, lokacin miƙa rahoto yana matsowa, duk na fita hayyacina. Ko sau ɗaya ba ka ce laifin zanena ne ba. Wata rana ka kunna injin, ka kara kunne a jikinsa, ka ce, "Dukanta yake yi, Dakta. Murza ta ya kamata ya yi." Ka ciro alli daga bayan kunne ka zana a kan simintin rumfar: a cire haƙoran ƙarfe, a naɗe gangar da ke juyawa a cikin injin da tsohuwar taya, a bar rata daidai kaurin ƙaramin yatsanka. Haka kake aiki tun kafin a haife ni, ka zana a ƙasa, ka ƙera, da yamma ka sa tsintsiya ka share. Kafin ka share na durƙusa na ɗauki hoto da waya. Ka gyara injin yadda ka zana, gyaɗar ta riƙa fitowa lafiya ba tare da ta farfashe ba.

Daga nan ne kunyata ta fara, kuma dole in faɗa. Na sake zana shi a kwamfuta, na aika da sunana ni kaɗai. A gurbin da gidauniya ta tambayi gudummawar abokin aiki, na rubuta "walda da fenti". Ranar da wakilanta suka zo ganin injin, ka saka sabuwar riga, na zaunar da kai a layin baya. Suka tambayi wanda ya yi dabarar taya, na ce sakamakon bincikenmu ne a ɗakin gwaji. Kana ji, kuma ka tafa tare da kowa. Da wannan aikin aka yi min ƙarin girma, aka amince mana da zagaye na biyu na tallafin. Sau uku ina zuwa bakin layinku da niyyar neman gafara, in juya mota in ce sai wani makon.

A wurin zaman makoki matarka ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kullum sai ya yi maganarki. Ya ce shekara arba'in yana zane a ƙasa, ke kaɗai ce mai ilimin da ta taɓa durƙusawa ta duba." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Girmamawa ka ɗauka, ni kuwa na san abin da ya durƙusar da ni.

Jiya na rubuta wa gidauniya da shugaban sashenmu, na haɗa da hoton, na bayyana cewa dabarar injin taka ce. Ban san abin da za su yanke a kan matsayina ba, kuma duk abin da suka yanke ni na jawo wa kaina.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama da 'ya'yanka da abokan sana'arka, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku da kuke raye ina roƙonku ku yafe min. Shi kuwa na makara, sai dai in roƙi Allah Ya sanyaya zuciyarsa a kaina ranar da za mu tsaya a gabanSa. Amin.