Harshen da Na Ƙi Sa wa Sunana

Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa Difa, ina koyar da lissafi a wata koleji. Wata ƙungiya ta ba mu tsofaffin injuna shida. A cikinsu na tsinci wani ɗan harshe na ba kwamfuta umarni, wanda wasu mutane can ƙasar waje suka rubuta, suka sake shi kyauta. Takardarsa ta ce kowa ya ɗauka, ya gyara, har ya sayar in ya ga dama.

Umarnin da Ingilishi suke, yarana kuwa Faransancin ma da ƙyar da jiɓin goshi. Shekara biyu na yi ina mayar da su Hausa da Barbarci. Yaro ya rubuta "gaba", layi ya miƙe. Ya rubuta "maimaita", inji ya jera masa fangalin tattasai kamar na garkunan garin Shetimari. Yaran da ba sa buɗe baki a aji sai ga su suna rububin kujera.

Ina da aboki, ɗan wani ɗan kasuwa Badamagare, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Gaskiya ɗaya ce, yana da kai, kuma ya gyara mini kurakurai da dama. Wata rana ya kira ni da Mushe, wato "Monsieur" na Faransanci da ake kiran malamai da shi a nan, ya ce, "Mushe, ka sa sunanka a ciki mana." Na ƙi. Mahaifiyata ba ta daɗe da rasuwa ba, na yi niyyar aikin ya zama sadaka mai gudana a gare ta. A ganina sadakar da aka manna wa suna ta zama riya. Ko harafi ɗaya na sunana ban bari ba. Ya yi dariya ya ce ni waliyyi ne, ya kwafi nasa a faifai. Ba a jima ba ya koma Yamai.

Bayan shekara uku darakta ya kira ni ofis. A kan teburinsa akwai kwali mai sheƙi da sabon suna, faifan da ke ciki sai an sa lambar sirri yake buɗewa. Aikina ne, har ƙananan misalaina, sai dai an cire Barbarcin kaf tunda ba shi da kasuwa a can Yamai. Kusa da kwalin akwai wasiƙa daga kamfanin, na abokin nan nawa, wai sun ji makarantarmu na amfani da kwafin sata.

Da abokin nawa ya zo Babbar Salla na same shi a shagon babansa. Ya tarbe ni da fara'a, ya aika a kawo lemo.

"Takardar ta halatta sayarwa," in ji shi. "Kai ka karanta mini ita."

"Ban hana ka ci abinci ba. Wasiƙar fa?"

"Abokan hulɗata ne suka rubuta, wallahi ban gani ba."

"To ka gaya musu wa ya yi aikin. Layi ɗaya ya ishe ni."

Ya sunkuyar da kai yana juya kwalbar lemo. "Mushe, kai ka ce ba ka son suna. In na faɗa yanzu, ai na ɓata wa Inna ladanta."

Na sha jin magana mai zafi, amma ba wadda ta ƙona ni kamar wannan. Wannan bakin ya ci tuwon matar nan ba sau ɗaya ba. Na tashi ban taɓa lemon ba.

Ba ni da shaida. Kwalinsa na da suna da hatimi, nawa faifai ne da na rubuta wa "lissafi" da biro. Darakta mutumin kirki ne amma matsoracin takarda, ya ce a goge. Ni na goge da hannuna, inji bayan inji, yara na leƙe ta taga. Da na gama na shida, darakta ya dafa kafaɗata.

"Mushe, kowa na iya kuskure. Ba zan kai maganar gaba ba."

Na ce masa na gode.