Jajen da Inna Ta Jira

Ko yau in na ji warin albasa ta ruɓe a rana, sai Innata ta faɗo mini a rai. Albasa take sayarwa a kasuwar Malanbil, har ranar da wani kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Gaya ya yi baya-baya ya murƙushe rumfarta. Ba ta nemi a biya ta ba. Cewa ta yi ba za ta sake taka kasuwa ba sai direban ya zo har gida ya yi mata jaje, yadda ake yi tsakanin mutane. Damina ta shigo, direba bai zo ba, tukunyarmu kuwa tana ta raguwa.

Kawuna ne ya ce mu kai ta gidan bidiyo bayan la'asar, ko ranta ya yi sanyi. Fim ne na jarumai masu yawa: wani yana tashi sama, wani ya ɗaga mota da hannu guda, wata tana kiran iska. Gaskiya ba zan ci haƙƙinsu ba, lokacin da suka jeru kafaɗa da kafaɗa sai da tsigar jikina ta tashi, Inna ma ta gyaɗa kai.

Amma kafin nan fa? Rabin fim suna dukan junansu a kan girman kai! An tara su kamar buhuna a tashar mota, ba wanda ka sani har ka ji tausayinsa. Mai iskar nan, baiwar Allah, da ƙyar aka bar ta ta buɗe baki. Can sai ƙaton nan mai ɗaga mota ya sunkuci kamiyo ya jefi abokin gaba, ya kuskure, motar ta sauka a kan rumfunan kasuwa. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Inna ta kamo hannun kawu. "Kai, ina mai rumfar can ta ƙarshe? Ta hita?"

"Yaya, wasa ne."

"To mu gani in za su komo su gaishe ta."

Wallahi har aka gama idonta na gefen allo. Jarumai suka ci yaƙi, suka rungumi juna, suka tafi abinsu. Gari ya zama kango, ko sannu babu. Wannan wace irin jarumta ce, don Allah?

Da safe na tarar tana ɗaura gammo. Ta ce, "Masu tashi sama ma ba su san jaje ba, ni ina nan zaune ina jiran direba." Ta ɗauki tirenta ta fita, a ƙasa ta baza albasa inda rumfar take.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon irinsu, jaruman sun ma ƙaru. Suna ihu, ni kuwa raina a ɓace, ina duba gefen allo. Har yau ban ga wanda ya koma ya ce wa matar nan mai rumfa sannu ba.