Mai Tsani, wanda ya koyi tafiyar Babanmu

Kafin ƙarfe bakwai na safe ya riga ya ɗaure tsaninsa a saman motar kamfanin kyamarorin tsaro, ya jefa jakarsa mai mataccen zif a kujerar baya. A jakar akwai sukuddireba uku, da ƙaramin allon gwaji, da tsumma, da wani tsohon burushin fenti da yake share yanar gizo daga fuskar kyamara da shi. A tsaye yake shan shayinsa a bakin ofis, ana miƙo masa takardar gidajen da suka kawo ƙorafi. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan zirga-zirgar, kuma duk inda ya shiga Mai Tsani ake ce masa.

Makon jiya kamfanin ya sallame shi. Wai gwiwarsa ta gaji da hawa, wai yanzu daga ofis ake gyara kyamara ta intanet, ba sai an taka ƙafa ba. Ko kujera ba su jera masa ba, balle wani ya tashi ya ce an gode. A bakin ƙofa aka miƙa masa wasiƙa, aka karɓi makullin mota. Tun da na ji labarin nan zuciyata take tafasa, kuma tunda su sun kasa buɗe baki, ni zan buɗe nawa.

Ga wanda bai san aikin ba, kyamarar gida irin tamu ba ta ɗaukar komai sai ta ga motsi. In ta gani, sai ta tura hoton zuwa wani akwati da ke cikin ɗaki ya adana, ta kuma aiko da gargaɗi a waya. Ciwonta iri biyu ne. Ko ta yi ta ihu saboda ganye da kyanwa har mai gida ya gaji da ita, ko kuma mutum sukutum ya wuce ta gabanta ta yi gum. Waɗannan biyun Mai Tsani ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana magani.

Mai kantin maganin da ke bakin layinmu shaida ce. Wayarta ta yi ta kuka sau arba'in a yini, in ta duba ba kowa. Daga ofis aka ce mata kyamarar ta mutu, a sauya sabuwa. Mai Tsani ya zo ya hau, ya sa burushinsa ya share, ya ɗan karkata kan kyamarar daga wani tsumman talla da iska ke kaɗawa, ya sauko. "Malama, kyamararki lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Gizo-gizo ne ya yi aure a kanta." Ta ce ta yi dariya har da hawaye. Shi kuwa da ya koma ofis faɗa aka yi masa, don bai sa ta sauya ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami na gidanmu ne.

Babanmu tsohon tela ne, ya haura tamanin, kuma mantuwar tsufa ta kama shi. Kowace safiya sai ya shirya zai tafi shagonsa, shagon da aka rufe shekara goma sha biyar da suka wuce. Ni da ƙanwata muke zaune da shi. Amma mutum yana shiga wanka, yana ɗora tukunya, ba zai yiwu ido ya tsaya a kansa kowane minti ba. Shi ya sa muka sa kyamara tana kallon tsakar gida da ƙofar waje, don in ya nufi fita wayoyinmu su yi ƙara.

Sau biyu ya fita wayar ba ta ce uffan ba. A na biyun sai bayan awa biyar muka same shi a gefen babban titi, ba takalmi, tafin ƙafarsa duk ya fashe, wata mai sayar da lemo ta zaunar da shi a bencinta tana ba shi ruwa. Muka dawo muka buɗe akwatin don mu ga lokacin da ya fita. Babu komai a ciki, kamar ba a taɓa buɗe ƙofar ba.

A ranar ne Yayanmu, babban ɗan Baba, ya zo daga gidansa da kwaɗon kulle ƙofa a aljihu. Ya ce magana ta ƙare, za a riƙa kulle Baba a ɗakinsa daga waje, a riƙa kai masa abinci. Na ce, "Yaya, mutumin da ya ɗinka maka kayan makaranta da hannunsa za ka sa wa kwaɗo?" Ya ce, "Ke kin fi so a kwaso mana shi a titi? Na ba ku kwana uku. In na'urar nan ba ta gyaru ba, kafinta zai zo ya kafa shi a ƙofa." Na san tsoro ne ya sa shi, amma har yau in na tuna ƙarar kwaɗon nan a kan tebur raina yana ɓaci.

Na kira ofishin kamfanin. Wata murya mai sanyi ta ce in je gaban kyamara in ɗaga hannu. Na ɗaga, wayata ta yi ƙara. "Kin gani ko? Tana aiki," in ji muryar, aka rufe ƙorafina. Sai da na je da ƙafata na tsaya a tsakiyar ofishin ina ɗaga murya kamar mahaukaciya, sannan wani ya ce a tura min tsohon nan, Mai Tsani, ko na bar su su sha iska.

Da Mai Tsani ya zo, ko kallon kyamarar bai yi ba. Ya gaishe da Baba har ƙasa, sannan ya juyo gare ni.

"Ƙarfe nawa yake fita?"

"Wajen takwas da rabi."

"Ta ina yake bi? Yaya yake tafiya?"

Shekara biyu ina jinyar mahaifina, ban taɓa lura da hanyar da yake bi ba. Ya ce ba komai, gobe zai dawo takwas da kwata.

Ya dawo kuwa. Ya zauna a benci yana kallo, Baba ya fito, ya dafa bango, yana jan ƙafa a hankali ta ƙarƙashin inuwar bishiyar da ke jikin katanga. Ƙanwata ta tare shi ta mayar da shi ciki. Sai Mai Tsani ya ce in riƙe wayata. Ya ratsa tsakiyar gida da tafiyarsa ta kullum, wayar ta yi ƙara nan take. Ya koma ƙofar ɗakin Baba, ya cire takalmi, ya ɗan sunkuya, ya dafa bango. Ya fara jan ƙafa, taku ɗaya, ya huta, wani taku, daidai yadda tsohon yake yi. Minti huɗu ya ɗauka kafin ya kai ƙofa. Ya zare sakata, ya fita, ya rufe. Wayar tana hannuna shiru. Nan na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Ya shiga ɗaki ya haɗa allonsa da akwatin, ya kira ni in gani. An raba hoton tsakar gidan gida-gida kamar raga. Inda aka shafa ja, nan kyamara ke tsaro, inda babu ja kuwa ba ruwanta. Duk gefen katanga, daga sama har ƙasa, fari fat. An kuma rage kaifin ganinta sosai, ta yadda sai mai sauri take ɗauka a matsayin motsi.

"Wani ya taɓa nan," in ji shi.

Na kira Yaya ya zo. Ya dubi allon, ya sosa ƙeya. Ashe shi ne, watanni baya. Rassan bishiyar suna kaɗawa, wayarsa, wadda ita ma aka haɗa da kyamarar, tana damunsa a wurin taro, sai ya shiga daga wayar ya goge gefen gaba ɗaya, bai gaya wa kowa ba.

"To ai ganye ne ke damuna!"

"Gaskiya ne, Yallaɓai," Mai Tsani ya ce. "Ganyen ka kashe. Sai dai ta ƙarƙashin ganyen ne tsohon nan yake bi."

Ban taɓa yi wa Yaya tsawa ba sai ranar. Shi ya makantar da kyamarar don jin daɗin kunnensa, sannan Baba ne zai sha kulle. Mai Tsani ya ci gaba da aikinsa. Ya mayar da jan a gefen katanga iyakar tsayin mutum, ya bar rassan a waje. Ya ƙara kaifin ganin. Ya hau ya sauko da kyamarar ƙasa kaɗan, ya juya ta yadda mai bin bango zai gitta ta gabanta. Ya saita akwatin ya riƙa ɗauka ba tsayawa daga safe zuwa hantsi, ko da motsi ko babu. Bayan kowane gyara sai ya sake cire takalmi ya yi tafiyar Baba. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya, a cikin rana, da gwiwar nan da aka ce ta gaji. Bai tsaya ba sai da wayar ta riƙa ƙara tun yana rabin hanya.

Yaya ya ce duk da haka kwaɗo ya fi tabbas. Mai Tsani yana naɗe wayoyinsa ya ce, "Gidanku ne, ni baƙo ne. Amma ku ba ni mako guda, in ta sake yin shiru ku yi abin da kuka ga dama. Ku kuma ku sani, ita gani kawai take yi, ba ta riƙe hannu. Ku ne za ku fito ku riƙe shi." Kwana bakwai yana biyowa ta gidanmu da safe kafin ya wuce aikinsa, ba wanda ya aiko shi. Ko sau ɗaya wayar ba ta yi shiru ba. Kafinta bai zo ba.

Kai ne, Mai Tsani, ka sunkuya ka zama tsoho don ka ga abin da na'ura ta kasa gani. Kai ne ka tambayi abin da mu 'ya'yansa ba mu tambaya ba. Gwani mai haƙurin taku, su waɗanda suka karɓe maka makulli su faɗa min: wa zai zauna a ofis mai sanyi ya koyi tafiyar uban wani ta intanet? Za su ce a ɗaga hannu, waya ta yi ƙara, su rufe ƙorafi. Wannan ba gyara ba ne, sallamar mutane ce, kuma wata rana a kan iyayensu za su gane.

Ku masu wannan sana'a da kuke tasowa, ku yi koyi da shi. Kafin ku taɓa waya ku tambayi wa ake tsaro, ƙarfe nawa yake motsi, ta ina yake bi, sannan ku bi hanyar da ƙafarku. Ku kuma masu gida, in na'ura ta dame ku da ƙara ku kira wanda ya sani, kada ku toshe mata baki a ɓoye. Wanda ya san inda mutumin nan yake zaune ya je ya gaishe shi, tun yana ji.

Na gode, Mai Tsani. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka gwiwa, ya ba ka 'ya'yan da za su yi haƙuri da tafiyarka in ta yi nauyi. Baba ya ƙara nisa cikin mantuwa. Jiya ya dube ni ya ce, "Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?" Abin ya soke ni. Amma a tsakar gidansa ya yi min tambayar, yana zaune yana shan hantsi, hannunsa a cikin nawa, ba ta bayan ƙofa ba.