Saude, Mai Fasa Taya a Tsakiyar Labari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha uku ga Sha'aban na shekarar 2004, Allah Ya karɓi ran taubashiyata Saude ta Kahu, bayan ta idar da sallar Azahar.

Saude, ke kika koya mini ba da labari a wurin ɓarar gyaɗa, kuma ban taɓa jin labarinki ya tafi lafiya ba. In an ɗora tukunya sai ta kife. In an shiga mota sai taya ta fashe. Na ce miki, "Wai ba kya barin bayin Allah su isa gida?" Kika ce, "In sun isa lafiya, ke uban me za ki zauna ji?" Da aka kafa Shari'a, yara suka ce ki ji tsoron Allah ki rage ƙarya. Kika ce su nuna miki bikin da gishiri bai taɓa ƙarewa ba.

Ban san amfanin wannan hali naki ba sai bara. Jikana Jabiru, maigidan nawa na wasa, ya yi lodin tumatirinsa na rani kaf zuwa Kano. Motar ta mace bayan Rano, tumatir ya narke a kwando. Ya dawo ya kulle kansa a ɗaki, ya rantse zai sayar da gonar ubansa ya tafi Legas. Ni da bakina duk na kasa.

Kika zo da sandarki, kika zauna a ƙofar ɗakin, kika fara ba mu labarin wani manomi da motarsa ta mace. Da kika kai wurin ruɓewar tumatir sai kika yi shiru. Can Jabiru ya ɗago murya daga ciki, "Inna Saude, sai me ya faru?" Kika ce, "Ina zan sani, ja'iri? Nan ne tsakiya. Ban taɓa ganin mai labari ya tashi a tsakiya ba." Bana albasa ya shuka a gonar nan, kuma shi ya riƙe gaban makararki.

An ce jana'izarki ko yayyafi bai taɓa ta ba. Da kina nan da kin ce ba ta yi daɗin bayarwa ba.

To wannan karon ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Roƙonmu tafiyar nan taki ta miƙe sumul, kada komai ya kife. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba Zaituna da Dalhatu da sauran 'ya'ya haƙurin rashi. Amin.