Kuɗin Adashi a Tsakiyar Teku

Akwai abubuwa da yawa da na yafe wa kaina na manta da su, amma tafiyar da muka yi a jirgin ruwan shaƙatawa ba ta cikinsu. Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, wannan kam tana nan daram. Har yau in mota ta bi da ni ta bakin teku na hango irin jiragen nan masu hawa-hawa, kau da kai nake yi kamar na ga mai bina bashi.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Kurayyat na girma, kuma a lokacin na shekara goma sha ɗaya ina uwar adashin matan unguwarmu. Mu ashirin ne, kowa na zuba riyal ɗari biyar a wata. Ban taɓa ɓatar da ko halala ɗaya ba, kuma ba na barin kowa ya manta da hakan. Ina da baki, ina da ɗan Turancin da na tsinta lokacin da nake aikin shara a wani asibiti, ga katin banki tun mata da yawa ba su san yadda ake riƙe shi ba. In takarda ta zo wa mace, ni ake kawo wa. In na gane in karanta, in ban gane ba in gyaɗa kai da ƙarfi, ba a taɓa kama ni ba.

Mu bakwai muka tara kuɗin tafiyar daban, kwana uku a kan Bahar Maliya a dawo. Cikinmu har da Goggo, ƙanwar babana, tsohuwar da ba ta yarda da duk kuɗin da ba za ta iya ƙulle shi a bakin zane ba. Ranar Litinin za mu tashi, mu dawo Alhamis, ranar Juma'a kuma kwasar adashi ce. Mai kwasar wannan watan wata dattijuwa ce mai sayar da waina a unguwar Mahjar, kowa Inna yake ce mata. Ba ta cikin tafiyar. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ce ta kusa mutuwa, kafilinta kuma, Balaraben da ya tsaya mata, ya ce in ba ta kawo kuɗin sabuntawa ranar Lahadi ba, to babu ruwansa. Riyal dubu goman nan cif take jira, ta riga ta lissafa inda kowane ɗari zai shiga.

Zubin watan duk ya shigo hannuna kafin mu tafi. Na ga bai kamata in bar shi a gida ba, sai na zuba shi a banki, cikin asusuna. Har zuwa nan ban yi laifi ba.

Da muka shiga jirgin aka bayyana mana cewa a ciki ba a karɓar tsabar kuɗi. Kowa za a ba shi kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma jakar kuɗi. Ka sha lemo ka miƙa kati, ka sayi turare ka miƙa kati, ranar sauka a haɗa lissafi a cire. Amma sai an ɗaura wannan katin a jikin katin banki, ko kuma mutum ya ajiye tsabar dala a wurinsu, don su da dala suke ciniki. Matan suka tsaya cirko-cirko suna kallona, ni kuwa abin da nake so ke nan. Na ce kowa ta kwantar da hankalinta, a ɗaura duka a kan katina, kowace yamma mace ta lissafa abin da ta saya ta ba ni riyal a hannu. Abin da ya fita ta kati ya dawo ta jaka, shi ke nan. Lissafin ma ba wuya, don duk wanda ya taɓa bi ta layin 'yan canji a Balad ya san farashin dala, ba ya motsi.

Goggo kaɗai ta ƙi. Ta kwance ƙullinta ta fito da dalolin da ta canjo tun daga Balad, ta ƙirga wa ma'aikaciyar da ke ba da kati ɗaya bayan ɗaya tana lasar yatsa, layi ya tsaya a bayanta. Kunya ta kama ni. Na raɗa mata cewa wannan ƙauyanci ne, ta ce ta ji, a bar ta da ƙauyancinta.

Sai aka zo kaina. Ma'aikaciyar wata Balarabiya ce mai murmushi kamar an ɗinka mata shi a fuska. Ta miƙo mini takarda ta tambaye ni da Larabi mai laushi ko ina so a rufe lissafina da dala, ko kuwa su sauƙaƙa mini su mayar da shi riyal, kuɗin da na saba da shi. Na ji kalmar sauƙi, na ji kalmar riyal, na juya na kalli matan don kowa ta shaida.

“Riyal mana, ya habibti. Mu da dala me ya haɗa mu?”

Ta nuna mini wani ɗan gurbi na yi maki, na sa hannu da irin sa hannun nan mai jela da na ƙirƙira wa kaina. A ƙasan gurbin akwai layi huɗu na ƙananan rubutu. Tabarauna yana cikin jaka, kuma uwar adashi ba ta fito da tabarau a gaban 'ya'yanta.

Gaskiya mun ji daɗi, ba zan yi wa jirgin ƙarya ba. Abinci kyauta ne, muka ci kamar an ce gobe azumi. Wata daga cikinmu ta yi ta ɗura burodi a leda tana cewa na yara ne, alhali ƙaramin ɗanta yana da gemu. Amma inda muka mutu shi ne kantunan ciki. Bahaushiya ba ta dawowa daga tafiya hannu wofi, ko da tafiyar zagaye ce a kan ruwan da take gani tun tana goyo. Turare na surukai, agogo na maigida, jaka ta 'yar da za a aurar, cakulan na maƙwabta don su san an je. Katin nan kuwa ba ya ciwo in an miƙa shi, ƙara kawai yake yi ƙit. Kowace yamma bayan la'asar su taru a ɗakina, kowa da rasit ɗinta, in buga da farashin Balad, su ƙirgo mini riyal, in sa a ambulan in rubuta. Ina ji da kaina kamar wata manajan banki.

Safiyar Alhamis, jirgi na shirin tsayawa, na tarar an zuro takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa. Wannan karon na sa tabarau. Na haɗa abin da ke ambulan, na duba abin da suka cire, na ga sun fi ni da riyal ɗari shida da wani abu. Na sake ƙirgawa. Ina cikin haka waya ta kama layi, saƙon banki ya shigo, su ma sun yanki nasu don a wurinsu ciniki ne na ƙasar waje. Gaba ɗaya sama da ɗari takwas sun yi ƙafa. Nawa kuɗin na kaina kuwa na riga na cinye su a turare da kuɗin tikiti, don haka wannan giɓin daga jikin kuɗin Inna ya fita.

Na sauka wurin teburin ma'aikatan jirgin mayafi a karkace, matan na biye da ni. Murmushin nan na ranar Litinin yana nan inda na bar shi. Na buga takardar a gabanta na ce sun yi kuskure, kowa ya san nawa dala take. Ta ce wancan farashin kasuwa ne, jirgi yana da nasa farashin, kuma akwai ladan canji a kan kowane ciniki. Na ce wa ya sa su canjin? Ta shiga ciki ta fito da takardata, ga makin da na yi, ga sa hannuna da jelarsa. Ta sa farce a kan ƙananan rubutun nan ta karanta mini su a hankali, kamar mai koya wa yaro Fatiha. Da na zaɓi dala, in ji ta, bankina ne zai canja da farashin da na sani. Na ce to a mayar dala yanzu. Ta ce da jiya na zo da an gyara, amma an rufe lissafi tun asuba, halas.

Na ce mata wannan sata ce da biro. Ta ce a'a, hidima ce. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne na san sana'ar, don ni ma riƙe kuɗin mutane nake yi in ɗauki ladana. Bambancin kawai, nawa ladan kowa ya san shi tun ranar da ta shiga adashi, ba na ɓoye shi a gindin takarda.

Goggo ta zo ta gefena ta karɓi canjinta, dala goma sha ɗaya, ta ƙirga sau biyu ta ƙulle. Ta wuce abinta, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na juya wurin matan na ce sai dai mu raba asarar, tunda kowa ta yi sayayya. Nan fa fuskoki suka canja. Wannan ta ce ita ta biya abin da ta saya har da ɗori. Waccan ta ce ai ba ita ta ce riyal ba, kowa ya ji wadda ta ce. Zuciya ta ɗebe ni, bakin nan nawa da ba ya jiran izini ya buɗe.

“Ku ji tsoron Allah, kuɗin Inna ne fa a cikin katin nan!”

Matan suka kalli juna. Sai a lokacin na tuna babu wadda ta san haka. Su a zatonsu kuɗina ne na ɗaura musu don karamci. Mai ɗura burodin nan ce ta fara magana, a hankali, ta ce, “Yaya, ya'ani da zubinmu kika shigo jirgi?” Na yi ta bayani, cewa ba ci na yi ba, juyawa ce kawai, abin da ya fita ta nan ya dawo ta can. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita, irin bayanin da duk uwar adashin da ta ci amana take yi ne, kalma da kalma.

Muna sauka ban je gida ba. Na ɗauki tasi zuwa Balad, na cire 'yan kunnen zinariyar da mahaifiyata ta bar mini na ɗora a sikeli. Mai shagon ya ga idona ya san ina sauri, shi ma ya yanki rabonsa. Na yi kuka a tasin dawowa, ba na jin kunyar faɗa, direban ya yi ta ƙara sautin rediyo don ya ba ni wuri.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tafi Mahjar da riyal dubu goma cif a ambulan. Na tarar da Inna tana wanke tanda. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi hanya, ta tambayi Goggo. Shekara goma sha ɗaya ina kai mata kwasa, ba ta taɓa buɗe ambulan a gabana ba, cusa shi take yi a ƙarƙashin filo ta sa mini albarka. Ranar nan ta goge hannu ta buɗe, ta ƙirga takarda bayan takarda, ta kai ƙarshe ta sake farowa.

“Sun cika, 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka,” in ji ta. “Na ji an ce sun sha iskar teku.”

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ta ce ba ta ce na ci ba, ta san ban ci ba. Amma ita daren jiya ba ta runtsa ba tun da labari ya iso ta, kuma shekarunta sun wuce na irin wannan tsoro. In zagayen nan ya ƙare, a cire sunanta.

Ta sabunta iƙamarta ranar Lahadi. Zagaye na ƙarewa ta fita, mata shida suka bi ta, shekara na zagayowa adashin ya koma hannun wata. Ba wanda ya taɓa kirana ɓarauniya, gaisuwa ma ba a fasa ba, takardu ne kawai aka daina kawo mini.

Jirgin ya cuce ni, wannan ba na janyewa, kuma duk mai shirin hawa ina gaya masa ya bar lissafinsa a kuɗin da suke ciniki da shi, in an ce za a sauƙaƙa masa ya tambaya nawa ne kuɗin sauƙin. Amma ɗari takwas kawai jirgi da banki suka ci, sauran ni na jawo. Kuɗin amana ba a taɓa shi ko da niyyar mayarwa, don mai shi ba cikarsa kaɗai ya ba ka ajiya ba, har da barcinsa. Na mayar wa Inna kuɗinta ba ko halala da ta ɓata, amma daren da ta kwana ido biyu ban san shagon da zan je in sayo mata shi ba.