Suturar Alkasim

Haliru ɗan mai wankan gawa ne a Gumel. Tun yana yaro shi ke riƙe wa mahaifinsa buta da turare, ya kuma tsani aikin tsana mai tsanani. Karatu ya kama don ya tsere masa, bai tsaya ba sai Kuala Lumpur, inda yake digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Ba ya gaya wa kowa sana'ar gidansu. Mutum ɗaya ya sani, Alkasim, ɗan garinsu da suke ɗaki ɗaya a unguwar Wangsa Maju, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana cin abinci.

A shagon abincin Indiyawa na ƙasan gidansu, wanda ake kira mamak, suka saba da Kumaresan, wani Batamile, jinin Indiya, mai shirya fim. Labarin fim ɗinsa na wani direban babbar mota ne da 'yan daba suka kashe masa aboki baƙar fata, hukuma ta yi shiru, shi kuwa ya ɗau ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana neman wanda zai fito a abokin. Kafin ya rufe baki Alkasim ya amsa da yaren ƙasar cewa zai iya, "Boleh lah! Mutuwa kawai? Ai da sauƙi."

Ranar ɗaukar wurin jana'izar a fim ɗin, wata guda kafin kullen annoba, Haliru ya raka shi don kallo. Ya tarar sun naɗe Alkasim da zanen gado kamar tabarma, takalmansa a waje. Ya kau da kai, ya sake kau da kai, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ba haka ake yi ba." Ya sa aka sayo farin yadi, ya yanka uku, ya durƙusa. Hannuwansa ba su manta komai ba. Ya rufa hagu, ya rufa dama, ya ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. Kumaresan ya yi wa mai kyamara alama ya ci gaba da ɗauka. Daga cikin likkafanin Alkasim ya ce, "Malam, sassauta, ina da lecture ƙarfe biyu." Kowa ya yi dariya ban da Haliru.

Annoba ta hana fim ɗin fitowa. Shekara da rabi bayan haka ta ɗauke Alkasim a cikin kwana tara. Ma'aikatan asibiti masu fararen riguna ne suka yi masa taimama ta kan ledar da aka sa gawar, suka shirya shi, suka binne. Haliru yana tsaye can bayan igiya, hannuwansa a aljihu.

Da yamma Iya Hureira, mahaifiyar Alkasim, ta kira shi. "Ɗan Malam, hankalina a kwance yake tunda kana can. Kai ka yi masa sutura, ko?" Haliru ya ce layi ba kyau, ya kashe wayar. Wata uku yana gudun kiranta. Kunya ce ke cinsa, da tsoron ya karya mata abin da ta dogara da shi.

Sai fim ya fito a intanet. Wasu suka yaba dambe, wasu suka ce jini ya yi yawa. Amma wurin suturar aka fi yaɗawa. Mutanen da annoba ta hana taɓa mamatansu suna rubuta cewa sun yi kuka. Masu ba'a kuma suka gano aibi: in ka zuba ido, ƙirjin gawar na ɗagawa a hankali. Haliru ya kalla sau ɗaya, bai ƙara ba. Ko farin labulen ɗakinsu iska ta kaɗa, sai ya fita.

Daga waya zuwa waya, guntun bidiyon ya isa Gumel. Wata safiya Iya Hureira ta kira, wannan karon ya ɗauka. Ya faɗa mata komai a tsaye, da ledar, da igiyar, da cewa wancan wasa ne aka yi tun yana da rai.

Sai ta ce, "Na san wasa ne, yara sun gaya min. Amma hannun naka ne?"

"Nawa ne, Iya."

"Ɗaurin ya yi kyau, irin na babanka." Ya ji tana jan hanci. "An ce mutane na dariya wai yana numfashi."

"Kuskure ne, Iya. Zan roƙi mai fim ɗin ya gyara wurin."

"Kar ka kuskura," in ji ta. "Kullum bayan asuba nake sa a kunna min, ina ƙirgawa. Sau huɗu yake yi."