Hannun Yaya a Kwamfutar Ofis

Yayata ba ta iya ƙin aiki ba. Wannan ciwon ya riga na ƙugu kama ta, kuma shi ne wanda ba a samu likitansa ba. Ni ce ƙanwarta, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da mijinta ya rasu, ni ma nawa auren ya mutu, sai muka haɗu gida ɗaya, ita a ɗakin gaba, ni da keken ɗinkina a na baya. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi shi.

A wani kamfanin dakon kaya take aiki tun tana budurwa. Da tafireta ta fara, irin mai ƙarar nan da ake ji tun daga bakin ƙofa. Da kwamfuta ta shigo, sa'o'inta suka tsorata suka ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta sauko da gilashinta ƙarshen hanci ta zauna ta koya. Aikinta shi ne tsara tafiyar motoci: wace mota za ta ɗauki wane kaya, wane direba zai ja ta, wace hanya zai bi, sannan ta buga takardun da zai riƙe. Direbobi Uwar Garaji suke ce mata. Ta san wanda ba a ba shi hanyar tsauni saboda hawan jini, ta san wanda in aka bi da shi ta garin surukansa sai ya ƙara kwana ya dawo yana cewa taya ce ta fashe. Teburinta yana saman bene, jikin taga, inda take hango motocin suna fita.

Benen nan ne ya kayar da ita. Ta yi shekaru tana cewa a gyara ƙarfen da ake dafawa a matakalar, ana ce mata to. Wata safiya da aka yi ruwa ta dafa shi, ya biyo hannunta. Ƙashin ƙugu ya karye, aka yi mata aiki, likita ya ce ita da hawa bene sai bayan watanni.

Manaja ya zo gida dubiya da ledar lemo. Ɗan mai kamfanin ne, Yaya ta san shi tun yana zuwa ofis da kayan makaranta yana ɓata mata takardu. Ya zauna a bakin kujera, ya kwantar da murya.

“Mama, kujerarki tana nan tana jiranki. Babu mai zama a kanta. Ke dai ki warke.”

Yaya ta yi ta sa masa albarka. Ni dai ina daga bakin ƙofa ina kallon yadda yake duba agogo.

Washegari mai gyaran kwamfutocin ofis ya zo da wata ƙarama irin ta ɗorawa a cinya. Ya ɗora mata a kan tiren cin abinci, ya nuna mata wata alama.

“Mama, wannan ba a cikinta za ki yi aiki ba, taga ce kawai. Ki danna nan, ki sa kalmar sirri, sai kwamfutarki ta ofis ta bayyana. Duk abin da kika taɓa a nan, a can yake taɓuwa. Sharaɗin kawai a bar waccan a kunne.”

“To su a can me suke gani?”

“Abin da kike gani. Za su ga 'yar kibiyar tana yawo ita kaɗai, rubutu yana fitowa ba kowa a kujera.”

Yaya ta yi dariya har ƙugun ya amsa. Ta danna, sai ga fuskar kwamfutarta, kowane abu a inda ta bar shi. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce wai hasken ne.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Tana kwance a ɗakin gaba za ta danna, takarda ta fito a saman bene can wata unguwa. Masinjan ofis, dattijo da shi, ranar farko da ya ga kibiya tana motsi sai ya ajiye tsintsiya ya sauka ƙasa yana salati. Direbobi suka riƙa bugo waya suna tsokanarta wai Uwar Garaji ta koma aiki da iska. Ita kuma ta ce su bi ta a hankali, in ba haka ba ta tura su hanyar da babu mai shayi.

Wata rana ta aike ni ofis in ɗauko mata ɗayan gilashinta da ta bari a aljihun tebur. Na hau benen, na lura an sa sabon ƙarfe mai sheƙi a matakalar, yanzu da ya gama aikinsa. Ina shiga na ga wata mata a kan kujerar Yaya. Hannayenta suna kan cinya, ba ta taɓa komai. Ta jingina wayarta da kofin shayi, wayar tana ɗaukar hoton allon, a allon kuma kibiya tana ta kai da kawo. Hannun yayata ne, na san tafiyarsa.

Na ce, “Baiwar Allah, ke kuma fa?”

Ta miƙe ta gaishe ni da ladabi. “Sabuwa ce ni. Manaja ya ce in zauna nan in riƙa kallon yadda Mama take yi, in kuma tabbata ba a kashe kwamfutar ba.”

Ban ga laifinta ba, abinci take nema kamar kowa. Amma na sauko benen nan zuciyata tana tafasa, ko gaisuwar masinja ban amsa ba. Ina shiga gida na zayyana wa Yaya komai. Ta saurare ni har na gama, sai na ga fuskarta ta washe.

“Alhamdulillahi. Ai mataimakiya aka ɗauko min. Shekara nawa ina roƙo?”

“Yaya, a kan kujerarki take zaune.”

“To a ƙasa kike so ta zauna?”

“Hoton aikinki take ɗauka da waya!”

Na ɗauka maganar ta shiga. Sai ta ce, “Kash. Ashe gudu nake yi, baiwar Allah ba ta iya bi na.”

Daga ranar Yaya ta rage sauri. Kafin ta danna wuri sai ta zagaya shi da kibiya, ta tsaya, kamar malamar da ke nuna wa ɗaliba harafi. Abin bai ishe ta ba, ta fara buɗe farar takarda a gefen allon tana rubuta dalili: wannan direban ba a ba shi tsauni, wancan ba a haɗa shi da kaya mai fashewa, wannan ɗan kasuwar sai an kira shi kafin mota ta tashi. Abin da allo ba ya nunawa, wanda ta tara a kanta tun tana budurwa, ta riƙa juye shi da hannunta. Na yi magana, na yi faɗa, har na yi kwana biyu ban shiga ɗakinta ba. Ta ce min baƙin hali ne da ni tun ina ƙarama, wai in ta koma su biyu za su riƙe teburin, ita ta samu sauƙi.

Komawar nan ita ce kawai a ranta. Kullum da yamma sai ta ɗauki sanda ta fita 'yan matakalan ƙofar gidanmu, ta hau ta sauka, gumi yana zuba, tana cije leɓe. Da suka yi mata kaɗan, ta roƙi maƙwabciyarmu mai bene ta bar ta tana gwadawa a nasu. Ina bin ta a baya da hannuwa a buɗe, ina mita, tana ce min in rufe mata baki.

A makon da ta kai saman benen maƙwabta ba tare da ta huta ba, a makon ne abin ya faru. Da safe ta shiga kamar kullum. Ta ja kibiya hagu, kibiya ta yi dama. Ta sake ja, ta sake ƙwacewa. Ta ɗaga maus ɗin da take jan kibiyar da shi ta girgiza, ta hura ƙasansa, ta kira ni wai in duba ko batir ne. Muna tsaye a kai sai rubutu ya fara fitowa da kansa: “Mama, ki yi haƙuri ki saki. Manaja ya ce yau ni zan yi. Ki huta.”

Yaya ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ta zauna tana kallon aikinta ana yin sa daga farko har ƙarshe, babu kuskure, har mai hawan jinin an kauce masa tsauni. Da aka gama ta ce, “Ta iya.” 

Washegari kalmar sirri ta ƙi shiga. Ta buga wa Manaja waya bai ɗauka ba, sai can da yamma ya kira. Ina jin muryarsa daga inda nake.

“Mama, mun zauna mun duba lafiyarki. Benen nan ba zai yi miki ba, ba ma son a ce mu muka ƙarasa ki. Kin yi mana hidima, lokacin hutu ya yi. Kwamfutar ma ki riƙe, kyauta ce.”

Ta ce masa ta gode. Wallahi godiyar nan ta fi maganarsa ƙona min rai.

Bayan nan Yaya ta daina fita matakala. Ta dawo ɗakina tana sa min maɓalli a riguna, tana tsinke zare, macen da motoci ba sa tashi sai da izininta. Direbobi sun zo gaisuwa da farko, daga baya ƙafa ta ɗauke, don hanyarsu ba ta biyo ta unguwarmu.

Gab da ƙarshen shekara wayarta ta yi ƙara. Manaja ne, da gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ƙafa. Ashe akwai aikin sabunta takardun motoci da ake yi sau ɗaya a shekara, kuma lokacinsa bai zo ba sa'ad da ake kallon allon Yaya.

“Abu ɗaya ne kawai sabuwar ma'aikaciyar ba ta gani ba, Mama. An sa miki sabuwar kalmar sirri, ta yau kaɗai. Tana zaune tana jira.”

Da ta ajiye wayar na tare gabanta. “Yaya, in kika taɓa kwamfutar nan, ni da ke mun ɓata. Su nemi wanda zai yi musu.”

“In takardun suka mutu, wa za a tsare a hanya? Manaja ko direbobi? Miƙo min ita.”

Na miƙa mata, ban san yadda ake ce wa Yaya a'a ba. Ta goge ƙurar da gefen zanenta, ta shiga. Ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya a hankali, ta san sarai akwai waya a jingine tana ɗauka. Ta gama ta ƙarshe, ta ja kibiya za ta duba ko takardun sun fito daidai, sai allon ya yi baƙi. Wani ɗan rubutu ya fito a tsakiya cewa an katse haɗin daga ɗaya ɓangaren.

Ta kalle shi, ta gyara gilashinta. “Wuta aka ɗauke musu,” in ji ta.

Na san ofishin nan yana da janareto, da kunnena na ji rurinsa. Ban ce mata ba. Ta zauna tana jira a dawo da wutar, hannunta a kan maus, har abincin ranar da na ajiye mata ya huce.